Tayar Yashin Bungudu

Motar ba tawa ba ce tun asali. Babana ya sayo ta a Makka, shekara biyu bayan an ba mu jiha, da niyyar ya kai wa ɗan wani abokin aikinsa tsaraba. Da aka zazzage jaka a tsakar gidanmu na Sabon Gari a Gusau, aka miƙo mini ɗankwali da zobe da kwalli, na karɓa na ajiye gefe, na rungume kwalin motar na ce sai dai a yanka ni. Shekarata goma sha ɗaya, kuma tun lokacin an san ni da kafiya. Innata ta yi faɗa, ta ce ina aka taɓa ganin ɗiya mace da mota. Babana gajiyar hanya ta hana shi dogon zance, ya aika wa abokin nasa da agogo. Ni kuwa na tashi da jar mota mai buɗaɗɗen baya, tsawonta taƙi biyu, da rimot ɗinta mai doguwar eriya. Maɓallin hagu na gaba da baya ne, na dama shi ne sitiyari, sai wani ɗan ƙarami a tsakiya na hon.

Kakana, mahaifin babana, yana ɗakin da ke kusa da zaure. Shekara arba'in ya yi yana jan babbar mota mai bodin katako, yana ɗaukar auduga da gyaɗa da gero zuwa Sakkwato da Funtuwa, wani lokaci har kurmi. Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a tasha, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi, yatsun suna motsi amma babu ƙarfi. 'Ya'yansa suka sayar da motar, shi kuma ya yanke hukuncin da ba wanda ya iya tanƙwara shi: ba zai shiga motar da wani ke tuƙawa ba. Masallacin ƙofar gida ne iyakarsa. Ko awon jini sai dai a kawo mai awon har ɗaki.

"Ni za a loda awa buhun gero?" Abin da yake cewa ke nan duk ranar da aka tayar da maganar.

Wadda abin ya fi ci ita ce yayarsa ta Bungudu, wadda muke kira Gwaggo saboda haka babana ke kiranta. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma ita ta goye shi. Gwiwoyinta sun ƙi, yanar ido ta rufe mata gani sai dishi-dishi, ba ta iya zuwa ko'ina. Gidanta bai da nisa da titin Sakkwato, kuma duk tsawon shekarun tuƙinsa, in zai wuce Bungudu sai ya danna mata hon. In ta ji, ta fito bakin hanya da fura a ƙunshe, ya miƙo hannu ta taga ya karɓa, wani lokaci ko injin bai kashewa. To ga shi an shekara biyu bai leƙa ta ba, alhali daga Gusau zuwa Bungudu ba tafiyar da za a yi wa guzuri ba ce. Duk wata babana ke zuwa gaishe ta, duk wata yana dawowa da saƙo iri ɗaya, Kaka ya saurara ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya juya fuska bango. Babana kunya da ladabi sun ɗaure masa baki. Ni kuwa jika ce, kuma a wajenmu jika ba ta da linzami a gaban kakanta.

Ranar da na fara kunna motar, a kan simintin barandar Inna ne, wanda take gogewa da jan man ƙasa har mutum ya ga inuwarsa. Tayoyin da ta zo da su na busasshiyar roba ne, masu ƙyalli. Ina tura maɓalli sai motar ta yi ta juyi wuri ɗaya, ta kwaso da gudu ta daki ƙafar kujera. Na sake, ta daki bokiti. A karo na uku na ji dariya daga ƙofar ɗakin Kaka, dariyar da na manta yana da ita.

"Amarya, wa yab ba ki lasin?"

"Wanda yak karɓe naka," na ce.

Inna ta zaro ido daga madafa, amma shi dariyar ya ƙara. Ya ce in kawo motar. Ya kifa ta a cinya, ya bi tayar da babban yatsa, ya tsuke baki.

"Ba laihinki ba na. Wagga ba taya ba ta, murhin kwalba ta. Mi za ta kama ga siminti?"

Ya aike ni wurin mai faci na bakin layinmu in karɓo guntun tsohon tif da ɗan sholisho a murfin gwangwani. Ni ke riƙe robar a kan katako, shi yana yanka da reza da hannunsa mai lafiya, siriri-siriri daidai faɗin tayar. Muka shafa sholisho, ya hana ni mannawa sai da ya sha iska, sannan muka naɗe tayoyin huɗu. Da aka ajiye ta a baranda, ta tafi sak kamar an ja zare. Na yi tsalle na yi ihu. Shi kuwa ya miƙo hannu a ba shi rimot, ya ɗora a gwiwa, ya gwada tura maɓallin hagu da yatsansa mara ƙarfi, yatsan ya zame. Ya sake, ya zame. Na ga fuskarsa ta fara rufewa, irin rufewar da take yi in an ambaci Bungudu, sai na yi maza na ɗora nawa yatsan a wurin.

"Kai riƙe sitiyari, ni in ba ta wuta."

Haka muka zama direba ɗaya mai kai biyu. Ya naɗa ni karen mota, na ce ban yarda ba, ni ce mai motar, shi ɗan haya ne. Kullum na dawo daga makarantar allo da la'asar, in an kawo wuta batir ya cika, muna tsakar gida kafaɗa da kafaɗa. Yana sa ni in jera duwatsu a matsayin gada, in aje takalma a matsayin shingen kan hanya, ya ratsa tsakaninsu da baya ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. In na ba ta wuta da yawa ya dungure ni da gwiwar hannu. Ya ce ƙafata a kan totur irin ta direbobin zamani ce, masu kai mutane lahira da wuri. Ban taɓa jin daɗin wata damina kamar wannan ba, kuma na san shi ma haka, domin ya koma cin tuwonsa har ya suɗe kwano.

Da ruwa ya zauna, bayan gidanmu wajen makwarara ya zama taɓo, tayar tif ta koma santsi, motar ta yi ta fesa laka ba ta gaba. Kaka ya sa aka nemo masa tsohon takalmin taya irin na makiyaya, ya yanko ƙananan haƙora, muka manna su a kan wasu zobban roba da za a iya cirewa a mayar. Kwana huɗu muka yi a kan wannan aikin, yatsuna duk sholisho, Inna tana mita cewa za a mayar mata da ɗiya bakanike. Tayoyin haƙoran nan su na fi so. Suna sa motar ta yi kwarjini, kuma in ta ratsa laka tana barin sawu irin na babbar mota sak. Ya samo wani gwangwanin alewa ya zama ma'ajiyar tayoyi, kowane saiti a ɗaure da zare.

A dogon hutu Inna ta tafi da ni Tsafe, garinsu. Bayan gidan kakannina na wajen uwa akwai falalen dutse mai gangara, inda mata ke shanya gero da barkono. Tun a mota nake ƙulla yadda zan burge 'yan uwana a kansa. Kaka ya ba ni gwangwanin tayoyin gaba ɗaya, bai ce mini komai ba sai, "Ki dibi ƙasa kahin ki zaɓa." Na duba. Dutse ne, abu mai ƙarfi, na ce to sai taya mai ƙarfi. Na sa masu haƙora, na tara jama'a, har da matan da ke tsince gero, na ba ta wuta ta hau. Ta yi rabin gangarar tana karkarwa, haƙoran suna ƙwanƙwasar dutsen ba su kama komai, sai ta karkace, ta zamo da gefe, ta wuntsula sau uku ta faɗa cikin barkonon wata tsohuwa. Fitilar dama ta fashe. Tsohuwar ta yi mini tatas, 'yan uwana suka yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma na kwashe motata na shige ɗaki na ƙi cin abinci. Sauran kwanakin hutun ban sake fito da ita ba.

Da muka dawo Gusau na dire masa motar a gaba, na ce tayoyinsa na banza ne. Ya dubi fitilar, ya dube ni.

"Waɗanne kinka sa?"

"Masu haƙora."

"Kin taka dutcen?"

"Na gan shi da idona."

"Ban ce kin gani ba. Kin tuɓe takalmi kin taka?"

Na ce ni ba mahaukaciya ba ce da zan yi ta yawo ba takalmi a garin mutane. Sai ya ba ni labarin yadda suke yi a zamaninsu, kafin kwalta ta kai ko'ina. In suka iso wurin da ba su yarda da shi ba, mashigin rafi ko jigawa ko hawan dutse, direba ba ya aika kowa. Da kansa zai sauko, ya tuɓe takalmi, ya bi wurin da ƙafa daga farko har ƙarshe. Tafin ƙafa ne zai gaya masa inda ke da santsi, inda ke lotsawa, inda ƙasa ke da tauri a ƙarƙashi. Abin da ƙafa ta ji, shi taya za ta ji. Ya ce da na taka falalen nan, da na ji yadda tafin ƙafata mai laushi yake manne masa, da na gane cewa dutse taushi yake so, tayar tif ce tasa. Haƙori sai inda zai nutse. Haushi ya hana ni cewa ya yi gaskiya, amma maganar ta zauna mini. Har yau in na shiga sabon gida sai na ji ƙafata tana son fita daga takalmi.

Bayan an yi girbi, wata Asabar babana zai tafi Bungudu, na ce zan bi shi. Ina sa takalmi Kaka ya kira ni, ya miƙo mini gwangwanin madara babu komai ciki, ya yi ƙasa da murya kamar mai aiken sata.

"Ki ɗebo mani ƙasat tsakag gidan."

Tsakar gidan Gwaggo yashin gulbi ne, fari tas, duk shekara jikokinta ke ɗebo sabo da jaki su zuba, ita kuma a share mata shi da safe har sawun tsintsiya ya fito. Na ciko gwangwani na kawo. Kaka ya zazzage shi a tafin hannu, ya murza, ya shinshina. Daga nan ya ce yashi ba ya son haƙori, haƙori haƙa rami yake yi mota ta binne kanta. A babbar mota, in an zo yashi, iska ake rage wa taya ta baje ta yi faɗi. Tamu ba ta da iska, sai dai a nemo abu mai faɗi mara nauyi. Silifas ɗin Inna na wanka aka wayi gari babu ƙafa ɗaya, kuma har ta bar duniya ba ta san ni na ɗauke shi ba.

Muka yanko faya-fayai huɗu daga soson silifas ɗin, muka huda tsakiya, muka zura a ƙafafun motar. Ya sa na roƙo yashi cikin kwanon sarki wurin magina a layinmu, muka haɗa da na gwangwanin, muka shimfiɗa a kan siminti. Motar ta bi ta kai lafiya lau. Amma bai gamsu ba sai da ya sa na nemo dutse. Na kawo ɗaya ya ce ya yi ƙanƙanta, na kawo wani ya ce ya yi nauyi, sai a na biyar ya auna a hannu ya ce yawwa. Dutse ne mulmulalle, ya ɗan fi dunƙulen hannuna. Ya ɗora a bayan motar, ya ce kowane gwaji da shi za a yi. Na tambaye shi dalili, ya ce motar da ba ta ɗaukar kaya ba mota ba ce. Na ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Wata na zagayowa na koma Bungudu da motar da sababbin tayoyi, da umarnin in gwada in kawo labari. Gwaggo tana zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya a can ƙarshen tsakar gida. Na ajiye motar a bakin zaure, na ɗora dutsen, na ba ta wuta. Ko taki uku ba ta yi ba ta fara tono, yashi na tashi ta baya, ta nutse har ciki ta kafe. Na ciro ta na sake, ta sake kafewa, har sau huɗu. Don haushi na dinga danna hon ba ƙaƙƙautawa. Sai na ga Gwaggo ta ɗago kai da sauri, ta juyo da kunnenta wajen zaure.

"Wa an nan? Mi a wanga?"

Babana ya yi mata bayani, ya ce motar wasa ce, ita ce ƙaninta ke fama da ita dare da rana. Ta ce a kawo mata. Ta shafa ta tun daga gaba har baya, ta taɓa tayoyin soson, ta yi murmushi.

"Aikinai na wanga. Amma ba haka shika busawa ba. Biyu gajeru, guda dogo." Ta miƙo mini motar. "Ki ce mai kunnena lahiya lau shike. Idon na dai yat tahi."

Muka kamo hanyar gida. Tausayinta ya cika ni, kuma haushin Kaka ya fi tausayin yawa. Muna isa na same shi a ƙofar ɗaki yana jira, ya kasa ɓoye ɗokinsa. Na ce ta kafe. Ya ce ba ta yiwuwa, na dai ba ta wuta da yawa. Na ce ta kafe har sau huɗu, yashin can ba irin shimfiɗar da muka yi a siminti ba ne, zurfi gare shi. Ya fara faɗa, wai ban iya kawo bayani ba, zurfin nawa, yatsa nawa, a jiƙe yake ko a bushe. Nan fa abin da ke cikina ya fito.

"Kai ka taka shi?"

Ban jira amsarsa ba.

"Ka tuɓe takalmi ka taka? Ba kai kac ce direba ba ya aike ba? Ka aike ni da gwangwanin madara, ka zamna nan kana yanke ma yashin Bungudu taya. Kuma ta ce in hwaɗa maka, biyu gajeru guda dogo, kunnenta lahiya lau."

Babana ya daka mini tsawa, Inna ta fito da muciya a hannu. Kaka ya ɗaga musu hannu su bar ni. Ya karɓi motar, ya kakkaɓe yashin da ya maƙale a ƙarƙashinta a tafin hannunsa, ya shiga ɗaki ya saki labule. Kwana uku bai nemi mu yi wasa ba, ni ma ban je ba, ko da yake na yi ta zarya a ƙofar ɗakin ina leƙe. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka na ɓata abin da muka gina.

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi ya fito da babbar riga da hula, gwangwanin tayoyi a hammata, ɗayar ƙafar silifas ɗin Inna tana leƙowa daga aljihu. Ya tsaya a gaban babana, ya ce yana da gwajin taya a Bungudu, in akwai mai zuwa wajen. Babana mutum ne mai hankali, bai yi murmushi ba, bai yi hamdala da ƙarfi ba. Ya ce dama yana da niyyar zuwa, ya tafi neman makulli. Daga baya na gan shi a bayan mota yana share ido da hannun riga.

Gaba Kaka ya zauna, kuma tun daga Sabon Gari har Bungudu bai bar babana ya sha iska ba. Ya saki kuloci da gaggawa, ya makara wurin canja giya, yana shiga rami kamar an aike shi. Babana yana ta "To Baba, to Baba." Ni ina baya da mota a cinya ina danne dariya. Na lura duk sanda muka zo kwana, ƙafar Kaka ta dama tana danna ƙasan motar tana neman birki.

A zauren Gwaggo ya tsaya, ya hana a yi sallama. Matan gidan da suka hango shi suka buɗe baki, ya ɗora yatsa a leɓe, suka toshe bakin da mayafi. Tana can ƙarƙashin darbejiyarta, tana jan carbi, ba ta san abin da ake ciki ba. Ya dafa kafaɗata, ya tuɓe takalmin dama, ya zura ƙafar cikin yashin. Ta nutse har idon sawu. Ya motsa yatsun, ya ɗan ƙara taki ɗaya, ya dawo.

"Amarya, kin yi gaskiya. Ni nib ɓata."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ga kowa ba. Muka zauna a dakalin zaure muka buɗe gwangwani. Ya yanko wasu faya-fayai huɗu daga silifas ɗin, muka ruɓanya kowace taya faɗinta ya ninka, ina riƙewa yana ɗinke su da basilla. Sannan ya bi gefen soson da reza yana tsattsaga shi kaɗan-kaɗan don ya yi laushi ya baje, ya ce rage iskar ke nan. Babana yana tsaye yana sauya ƙafa, yana raɗa cewa bai kamata a zo gidan babba a zauna a zaure ana yankan takalmi ba. Ba wanda ya kula shi. Da muka gama na ɗauko dutsen zan ɗora, Kaka ya ce in bar shi, yau ba a tafiya da shi.

Ya jingina da bangon ƙofar zaure ta ciki, na rataya masa rimot a wuya da ɗankwalina. Na kai yatsa wurin maɓallin hagu kamar kullum, sai ya ture ni da kafaɗa. Ya ɗago hannun nan mara lafiya da ƙyar, ya ɗora babban yatsan, ya tura. Ƙarfin yatsan bai wuce ya motsa maɓallin kaɗan ba, kuma ashe abin da yashin ke so ke nan. Motar ta taka a hankali, ba tono, ba fesawa, tana tafe a kan yashin tana barin sawu mai faɗi. Gumi yana bin gemunsa. Ta ratsa gaban rumbu, ta kauce wa turmi, wata kaza ta yi tsalle ta ba ta hanya. Da ta kai bakin tabarmar ya saki maɓallin, ya danna hon, biyu gajeru, ɗaya dogo.

Carbin ya tsaya a hannun Gwaggo. Ba ta dubi motar ba, zaure ta juyo da fuskarta.

"Direba," ta ce, "ka makara."

"Hanya ta ɓaci, Yaya."

"Kai kat tuƙo?"

"Ni nit tuƙo."

Ta kira wata jikarta ta ce a miƙo mata kwanon da ke rufe da faifai a bakin ɗaki. Ta laluba ciki ta ɗauko dunƙulen fura guda, ta laluba bayan motar ta ɗora. Sai a lokacin na dubi dutsen da ke hannuna, na dubi furar. Girmansu ɗaya.

Kaka ya juya motar da kyau, ya kawo ta da kayanta har gaban ƙafarsa, ba ta kafe ba ko sau ɗaya. Na ɗauko furar na ba shi, ya gutsura ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa. Sannan ya cire rimot ɗin daga wuya ya rataya mini, ya tuɓe ɗayan takalmin, ya karɓi sandarsa ya shiga yashin. Na yunƙura zan riƙe shi, babana ya kama hannuna. Muka tsaya a zaure muna kallonsa yana jan ƙafar hagu, har ya isa tabarmar ya durƙusa, ta miƙo hannu biyu tana laluben fuskarsa.